Gano Cutar Gilakoma da Hoton Ido da Duban Likita Daga Nesa

Gilakoma, wadda jama'a suka fi sani da hawan jinin ido, rukuni ne na cututtuka masu lalata jijiyar gani, wato jijiyar da ke kai saƙon abin da ido ya gani zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan jijiya ta ƙunshi zaruruwa fiye da miliyan 1, kuma duk zaren da ya mutu ba ya sake tohowa. A nan ta sha bamban da yanar ido. Mai yana ko ya shekara biyar ana ja masa gora, idan aka yi masa aiki yakan tashi da ganinsa. Mai gilakoma kuwa abin da ya rasa ya tafi ke nan, iyakar ƙoƙarin magani shi ne ya kare ragowar. Shi ya sa take kan gaba a duniya cikin cututtukan da ke jawo makantar da ba ta warkewa. Wani ƙiyasi da aka buga a 2014 ya nuna cewa mutum miliyan 64.3 masu shekara 40 zuwa 80 ne ke ɗauke da ita a 2013, ana kuma sa ran adadin ya kai miliyan 111.8 a 2040, Asiya da Afirka su ɗauki mafi yawan ƙarin.

A cikin gaban ido akwai wani ruwa garai-garai, ba jini ba ne kuma ba hawaye ba ne, wanda ido ke samarwa dare da rana don ciyar da sassan da jini ba ya kaiwa. Ruwan yana fita ta wata 'yar matata da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da fatar gaban ido. Muddin abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, matsin cikin ido yakan tsaya tsakanin milimita 10 zuwa 21 a ma'aunin zaiba. Idan matatar ta soma cushewa sai matsin ya hau, ya riƙa danne kan jijiya a daidai inda take barin ido. A irin da ya fi yawa a Afirka, kusurwar a buɗe take, matatar ce kawai ke gajiya sannu a hankali cikin shekaru. Akwai wani iri da kusurwar ke rufewa, wani lokaci farat ɗaya, ido ya yi ja, ciwon kai ya taso har da amai, mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila. Wannan ya fi yawa a gabashin Asiya, kuma ba ya jiran tantancewa, don zafinsa da kansa yake kai mutum asibiti. Jarirai ma akan haife su da irin nasu, ido ya girma fiye da kima, yana hawaye yana gudun haske.

Irin farko, mai buɗaɗɗiyar kusurwa, shi ne abin damuwar masu tantancewa, domin ba ya zafi, ba ya sa ido ja, ba ya kawo kwantsa. Ta gefe yake fara cin gani, ya bar tsakiya sai can ƙarshe. Ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin da ya ɓace da abin da ke kewaye da shi, sai mutum ya ci gaba da karatu da zura zare a allura bai san kome ba. Aikinta aikin gara ne a jikin azara: daga waje itace lafiya lau, ciki kuwa an gama da shi. Ranar da mutum ya fara karo da bakin ƙofa, ko ya lura babur yana ɓullo masa ta gefe ba tare da ya hango shi ba, galibin zaruruwan jijiyar sun riga sun mutu.

Girman matsalar a Nijeriya ya fito fili a binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba mutum sama da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, arewa maso gabas ta fi kowane yanki da kashi 6.1. Yanar ido ce ta ɗauki kashi 43 na makantar, gilakoma ta biyo baya da kashi 16.7. Da Fatima Kyari da abokan aikinta suka sake nazarin bayanan, sun gano cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na masu waɗannan shekaru suna da cutar, ɗaya cikin biyar daga cikinsu ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. A birnin Tema na Ghana an samu kashi 6.8, a tsibirin Barbados kimanin kashi 7 a tsakanin baƙar fata. Binciken da aka yi a Baltimore ta Amurka ya nuna baƙar fata sun ninka fararen fata sau uku zuwa huɗu wajen kamuwa, kuma cutar tana fara musu da wuri. Ke nan ga cuta mai yawa, mai ɓuya, mai magani idan an riske ta da wuri, a yankin da ƙwararrun likitocin ido suka taru a manyan birane irin su Kaduna da Kano da Legas, jama'a da yawa kuma suna karkara.

Shekaru da dama an ɗauka cewa auna matsin ido ya isa a gano ta. Na'urar da Hans Goldmann ya ƙera a Suwizalan a shekarun 1950 ita ce har yau ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma yanzu akwai na hannu masu batir da ma'aikacin lafiya zai iya koya cikin ɗan lokaci. Amma matsi shi kaɗai ma'auni ne mai ruɗi. A Baltimore, kusan rabin waɗanda aka tabbatar suna da cutar matsin idonsu bai haura 21 ba a awon farko. A garin Tajimi na Japan adadin ya kai kashi 92 cikin 100. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu matsi sama da 21 da jijiyarsu lafiya take, kuma mafi yawansu ba sa kamuwa ko bayan shekaru. Matsin yana hawa yana sauka a cikin yini, kaurin fatar gaban ido ma yana karkatar da awon: siririyar fata takan sa na'ura ta nuna ƙasa da gaskiya, kuma an lura cewa 'yan asalin Afirka fatar tasu ta fi sirantaka. Don haka tilas a kalli jijiyar kanta.

Kallon ƙuryar idon mai rai ya samu ne a 1851, lokacin da Hermann von Helmholtz na Jamus ya fito da madubin leƙa ido. Abin da likita ke gani shi ne kan jijiya, ɗan da'ira mai launin ruwan goro, da rami fari-fari a tsakiya, da baki mai kauri kewaye da ramin. Wannan bakin shi ne zaruruwan. Idan suna mutuwa sai bakin ya sirance, ramin ya faɗaɗa ya zurfafa, yawanci daga ƙasa da sama. Wani lokaci akan ga ɗan tsagin jini a gefen jijiyar, alamar cewa cutar tana kan aiki. Likitoci suna kwatanta tsawon ramin da tsawon kan jijiya: idan ya kai kashi 7 cikin 10, ko ido biyu suka bambanta sosai, sai a sa alamar tambaya.

Kyamarar ɗaukar hoton ƙuryar ido ta mayar da wannan leƙe abin adanawa. Amfaninta uku ne da suka sarƙu da juna: mai ɗaukar hoton ba sai likita ba, hoton yana iya tafiya inda marar lafiya ba zai iya zuwa ba, kuma hoton bana yana nan a ajiye don a aza shi kusa da na baɗi. Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci, ko da yake shi aka fi mantawa da shi, domin hujja mafi ƙarfi a gilakoma ita ce canji cikin lokaci. Kyamarorin sun ragu daga manyan injuna na kan tebur zuwa na riƙewa a hannu, har da waɗanda ake maƙala wa wayar salula, da yawansu kuma ba sa buƙatar a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido. Sai dai a kula da abu guda. 'Yan Afirka da yawa kan jijiyarsu babba ne tun haihuwa, babban kai kuma babban rami gare shi ba tare da wata cuta ba. Mai karanta hoton da ya saba da idon Turawa zai yi ta tura lafiyayyu asibiti, kuma zai iya tsallake mai ƙaramin kan jijiya da ramin nasa bai yi girma ba alhali cutar ta fara cinsa.

Mataki na gaba shi ne na'urar OCT, wadda David Huang da James Fujimoto da abokan aikinsu a jami'ar MIT ta Amurka suka bayyana a 1991, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Lasker a 2023. Na'urar tana harba haske marar cutarwa cikin ido, ta auna yadda yake dawowa daga kowane shimfiɗi na tantanin ƙuryar ido, ta fitar da kaurin shimfiɗin zaruruwan jijiya da ma'aunin da ya fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ta taɓa ido, kuma cikin daƙiƙoƙi take gamawa. Tana iya nuna sirancewa tun kafin mutum ya rasa wani abu da gwajin gani zai kama. Sakamakon yakan fito da launuka, kore lafiya, ruwan ɗorawa shakku, ja matsala, kuma launukan nan suna da saurin yaudarar wanda bai ƙware ba. Na'urar tana kwatanta idon da ke gabanta ne da wasu 'yan ɗaruruwan idanu da kamfanin ya tara a matsayin lafiyayyu, waɗanda 'yan Afirka ta Yamma ba su da yawa a cikinsu. Mai tsananin rashin hangen nesa zai iya fitowa ja alhali ba shi da cutar. Ga tsada, ga buƙatar wuta mai ɗorewa da ɗaki marar ƙura, abin da ya sa a wannan yanki har yanzu ta fi zama kayan manyan asibitoci.

Hoto yana nuna siffar jijiya, amma ba ya nuna abin da mutum yake gani. Wannan sai gwajin faɗin gani, inda marar lafiya zai kafa ido a wuri guda ya riƙa danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya ƙyalla a gefe. Gwaji ne mai gajiyarwa, kuma sakamakon farko sau da yawa ba abin dogaro ba ne, musamman ga tsohon da bai taɓa zama gaban irin wannan na'ura ba. Duba kusurwar ido da gilashi na musamman kuwa aiki ne na hannun ƙwararre. Saboda haka hoton da aka ɗauka a ƙauye tantancewa ce kawai, hukunci yana wurin cikakken bincike.

Likitanci daga nesa iri biyu ne. Akwai wanda likita da marar lafiya ke ganin juna kai tsaye ta bidiyo, akwai kuma wanda ake tattara bayanai a aika, ƙwararre ya duba lokacin da ya samu sarari. Na biyun ne ya dace da gilakoma, kuma ya dace da wuraren da intanet ke zuwa yana ɗaukewa, tunda ana iya ajiye hotunan yini guda a tura su da dare. Ma'aikacin jinya ko mai gwajin tabarau zai rubuta shekarun mutum, ya tambaye shi ko akwai wanda ya makance a dangi, ko yana da ciwon suga, ko yana ɗiga wani magani, ya gwada ƙarfin ganinsa, ya auna matsi, ya ɗauki hoton ido biyu. Mai karantawa zai raba mutane gida uku: lafiyayye, abin shakka da za a sake dubawa, da wanda dole ya ga likita.

An koyi wannan tsari ne daga ciwon suga. Ingila ta fara shirin ɗaukar hoton idon masu suga a 2003, ya game ƙasar zuwa 2008, kuma bayan 'yan shekaru lalacewar ido ta suga ta sauka daga matsayin babbar sanadin makantar masu shekarun aiki a can. Amma tabon suga a hoto a fili yake, ɗigon jini da kitse, yayin da gilakoma sai an auna an kwatanta, har ƙwararru biyu kan saɓa a kan hoto ɗaya. Duk da haka Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin jagorancin Karim Damji, ta kafa shirin duba gilakoma daga nesa don mazauna garuruwa masu nisa da Edmonton, asibitin ido na Moorfields a Landan kuma yana bin masu cutar da ba ta tsananta ba ta hanyar ma'aikata su yi gwaje-gwaje, likita ya duba daga baya.

Da aka gwada tsarin a Muranga ta ƙasar Kenya a kan masu ciwon suga, sakamakon da aka buga a 2013 ya zo da darasi mai ɗaci. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan ba su karantu ba, galibi saboda yana da sauran abubuwan da ke tare haske, kuma duban nesa ya kama ƙasa da rabin waɗanda likita ya gano ido da ido. Hoton da bai karantu ba bai kamata a jefar da shi a ce a sake wata rana ba. Sau da yawa mai shi tsoho ne mai yana, wato shi ne ma ya fi kowa haɗarin gilakoma, don haka wurinsa yana cikin waɗanda za a tura.

Wani nazari da masu bincike a Kanada suka buga a 2014, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya ƙiyasta cewa duban nesa yana kama kimanin kashi 83 cikin 100 na masu cutar, yana kuma wanke kashi 79 na marasa ita. Adadin yana da daɗin ji har sai an yi lissafi. A ɗauki mutum 1,000 masu shekara 40 zuwa sama a gari mai kashi 5 cikin 100. Masu cutar 50 ne: za a kama kimanin 42, takwas su koma gida da tabbacin ƙarya. Lafiyayyu 950 ne, kuma kimanin 200 daga cikinsu za a ce su je asibiti. Cikin duk mutum shida da aka tura, ɗaya ne kawai mai cutar. Sauran biyar sun biya kuɗin mota, sun rasa yinin kasuwa ko na gona, sun kwana da fargaba, sun kuma tsawaita layi a gaban wanda idonsa ke mutuwa da gaske. Irin wannan lissafi ne ya sa kwamitin rigakafi na Amurka ya ce a 2022 babu isasshiyar hujjar tantance dukkan manya marasa alamar ciwo, kwamitin tantancewa na Birtaniya ma bai amince da yin haka ga kowa da kowa ba.

Kuskure ne a kwaso wannan matsaya a dasa a Afirka ta Yamma yadda take. A can mutane suna zuwa gwajin tabarau a kai a kai, ana tsintar cutar a hanya. A nan cutar ta fi yawa, ta fi saurin farawa, kuma wanda ake nema ba mai ɗan tabon da sai OCT ba ne, mai babban rami ne da ko kyamarar hannu za ta nuna, wanda ido ɗaya ya tafi ɗaya yana kan hanya. Abin da lissafin ke koyarwa shi ne a kai kyamara inda masu cutar suka fi taruwa. Na farko dangin marar lafiya: binciken Rotterdam ta ƙasar Holan ya nuna 'yan'uwa da 'ya'yan mai gilakoma sun ninka sauran jama'a kusan sau tara a haɗari. Duk wanda aka gano, ƙofa ce ta shiga gida guda. Sai masu zuwa asibitin suga da hawan jini, waɗanda hoto ɗaya zai yi musu aiki biyu. Sai masu neman tabaran karatu, domin shekarun da rubutu ke fara dusashewa su ne shekarun da cutar ke fara yawa. Sai kuma masu ɗiga maganin ido mai sinadarin sitiroyid wata da watanni, wanda ake saye a kemis saboda ƙaiƙayi, yara da manya, don wannan magani da kansa yana tayar da matsin ido.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo ne don rage nauyin masu karanta hoto. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar IDx-DR ta yanke hukunci a kan hoton idon masu suga ba tare da likita ba. A shekarar ce kuma masu bincike a Guangzhou ta ƙasar Sin suka nuna manhajar da aka horar da dubban hotuna tana gane jijiyar da gilakoma ta taɓa da ƙwarewa mai yawa. Inda ta yi tuntuɓe shi ne inda mutane ke yi: masu tsananin rashin hangen nesa sun kuɓuce mata, masu babban rami na halitta kuma ta ɗora musu cuta. Manhajar da ta koyi aiki da idon mutanen Sin da kyamarar tebur ba za a amince da ita a Katsina ko Maraɗi ba sai an jarraba ta da idanun wurin da kyamarar da za a yi aiki da ita.

Gano cuta ba shi da amfani idan ba a bi shi da magani ba, kuma a nan ne sarƙar ta fi tsinkewa. Hanya ɗaya tabbatacciya ita ce saukar da matsin ido, ko da kuwa tun farko bai haura 21 ba. Maganin ɗigawa na timolol ya fito a 1978, yana da araha amma ba ya dacewa da mai asma. Latanoprost ya zo a 1996, sau ɗaya ake ɗiga shi da dare, sai dai yawancin nau'o'insa suna son firji kafin a buɗe kwalbar, abin da ke da wuya a bazarar Sakkwato. Duka biyun har ƙarshen rai ake ɗiga su, ga mutumin da ba ya jin ciwo kuma ba zai ga ƙarin haske ba. Tiyatar buɗe wa ruwa sabuwar hanya, wadda John Cairns ya bayyana a 1968, tana aiki, amma mutane suna gudunta, musamman idan sun ga maƙwabci mai yana ya dawo yana gani, nasu kuwa an yi aiki gani bai ƙaru ba. Binciken Mohammed Abdull a asibitin koyarwa na Bauchi ya nuna mafi yawan marasa lafiya suna zuwa ne cutar ta yi nisa, kuma kaɗan ƙwarai ke yarda a yi musu aiki. Hasken lesa a kan matatar ido ya ba da sabuwar mafita: a gwajin da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, wanda aka buga a 2021, ya yi nasara a kashi 61 cikin 100 na idanu bayan shekara guda, timolol kuwa kashi 31.

Saboda haka shirin tantancewa ana gina shi ne daga asibiti zuwa ƙauye, ba daga ƙauye zuwa asibiti ba. Kafin a sayi kyamara sai an san wane likita ne zai karɓi waɗanda aka tura, mutum nawa zai iya gani a mako, cikin kwana nawa za a karanta hoto, wa zai kira marar lafiya ya yi masa bayani da harshen da yake ji, wa kuma zai bi sawunsa idan bai zo ba. Hoton ido bayanin lafiya ne, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafe shi, don haka tura shi ta wayar ma'aikaci haɗe da sunan mai shi ba daidai ba ne. Ya kamata kowane hoto ya samu lamba da ma'ajiya ta dindindin. Shirin kuma ana auna shi da yawan waɗanda aka tura suka isa asibiti, da yawan waɗanda ke kan magani bayan shekara guda. Wanda hotonsa ya fito lafiya, idan ya haura shekara 40 ko yana da mai cutar a dangi, ana so ya dawo bayan shekara ɗaya zuwa biyu, a ɗauki sabon hoto a kwatanta shi da na farko.